Nana Asma'u 'Yar Shehu: Yarinyar da Ta Girma a Kan Hanyar Hijira

 Ga tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙan su baki ɗaya, gwargwadon abin da muka karanta da abin da muka ji a bakin malamanmu.

Tun farko gara mu faɗi gaskiya. Da muka fara jin sunanta mun ɗauka irin matan nan ne da suka tashi cikin gata suka mutu cikin gata. 'Yar Shehu ce, ƙanwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, matar waziri, uwar waziri. To me zai dami mai wannan daraja? Sai da muka bi shekarunta ɗaya bayan ɗaya, sannan muka ga ashe ba haka abin yake ba. Tana ƙarama ta rasa uwa. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya ta bar garin da aka haife ta, ba ta sake komawa da zama ba. Shekarun da mu muke ɗaukar allo da littafi mu tafi makaranta mu dawo gida mu tarar da tuwo, ita ta yi su ne tsakanin sansani da sansani, ga yunwa ga makoki.

An haife ta a Degel, cikin ƙasar Gobir, arewa da inda Sakkwato take a yau, a shekarar 1793 (1208 bayan Hijira). Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Kun san a al'ada da Husaina za a sa mata, amma Shehu ya raɗa mata Asma'u. Masu tarihi suna ganin sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ya ɗauko, wadda ta riƙa kai guzuri kogon Sauru lokacin Hijirar Manzon Allah (SAW). Mahaifiyarta Maimuna ba ta daɗe ba bayan haihuwarsu, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta, ciki har da Hauwa'u mahaifiyar Bello. Watakila daga nan ne shaƙuwarta da Bello ta samo asali, duk da ya girme ta da shekara goma sha biyu.

Degel gari ne na almajirai da malamai, kuma a gidan Shehu karatu bai bar mata a baya ba. Shehu kansa a littafinsa Nurul Albab ya soki malaman da ke koyar da ɗalibai a zaure, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a cikin gida. Abin da ya faɗa a takarda shi ya yi a gidansa. Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta yi fiƙihu da tauhidi da Larabci, ga Fulatanci harshen gida, ga Hausa harshen gari. Ku lura da wannan, 'yan'uwa. Larabci, Fulatanci, Hausa: su ne harsunan da muke juyawa a tsakaninsu kullum a nan Ngong, daga aji zuwa gida zuwa kasuwa, sai dai mu an ƙara mana Faransanci.

Zaman Degel bai dore ba. Sarkin Gobir Nafata ya ga jama'ar Shehu na ƙaruwa, sai ya yi shela: ban da Shehu kada wani ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci daga ubansa ba ya koma abin da ya tarar, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Da ɗansa Yunfa ya hau, abin ya ƙara zafi. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta faɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami almajirin Shehu, ta kama mutane. Aka biyo da kamammun kusa da Degel, jama'a suka kwance su. Yunfa ya aiko Shehu ya fita daga garin da iyalinsa kaɗai. Shehu bai yarda ya rabu da jama'arsa ba, sai suka tashi gaba ɗaya. A watan Fabrairu na 1804, wato Zulƙida 1218, aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, can bakin iyakar Gobir ta yamma.

Akwai wani ɗan bayani a labarin wannan tashi da ya tsaya mana a rai. Cikin kayan da aka fi damuwa da su akwai littattafan Shehu. Wani malami Ba'abzine mai suna Agali ya kawo raƙuma aka ɗora su. A wancan zamani littafi ba abin da za ka je kanti ka sake saye ba ne. Da hannu ake kwafe shi, takarda kuma daga hayin Sahara take zuwa da tsada. In ya ƙone ko ruwa ya ci shi, aikin watanni ya tafi. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta ga manya sun bar ɗakuna da gonaki a baya, amma sun ɗaure takardu a gafaka sun aza wa raƙumi.

A Gudu aka yi wa Shehu mubaya'a. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tabkin Kwatto, Malam Abdullahi ƙanen Shehu ne ya ja rundunar, aka kori Yunfa. Yawanci a nan masu ba da labari suke tsayawa su yi kabbara, daga nan sai su tsallaka zuwa kafa Sakkwato. Amma abin da ke tsakani shi ne ainihin ƙuruciyar Asma'u.

Mutanen da suka bar gonakinsu ba su da rumbu. Jama'a ta yi yawa, abinci ya yi kaɗan, dole ake tashi daga wannan wuri zuwa wancan ana neman abin kaiwa baki da makiyayar dabbobi. A ƙarshen 1804, a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa babban birnin Gobir, Gobirawa da Abzinawa suka auka musu. Aka yi wa jama'ar Shehu mummunar ɓarna. Muhammadu Bello ya rubuta cewa wajen mutum 2,000 suka rasu, cikinsu akwai kimanin 200 da suka haddace Alƙur'ani.

Mun daɗe a kan wannan adadi. Duk wanda ya zauna gaban malami da allo ya san abin da hadda take ci: shekaru na tashin asuba, da tilawa, da wanke allo, da mantuwa, da komawa baya. Ku kwatanta a makarantarmu, a shekara nawa za mu iya yaye mahaddata 200? Ga shi a yini ɗaya an binne su. Kowane ɗaya kuma ya bar mata ko uwa ko 'ya'ya a sansanin da Asma'u take ciki, kuma cikin matan take kwana take tashi.

Daga nan aka koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara a 1805. Yunwa ta biyo su can. Masu tarihi ba su ɓoye ba cewa neman abincin da mayaƙa suka riƙa yi a ƙauyuka ya ɓata tsakaninsu da Zamfarawa, waɗanda da farko suka karɓe su hannu biyu. Aka sake tashi zuwa Gwandu. Kafin shekarar ta fita aka sake shan kashi a Alwasa, har abokan gaba suka iso Gwandu kanta, garin kuwa a lokacin ba ganuwa. Mata da yara na ciki suna jin abin da ke faruwa. Da ƙyar aka mai da maharan baya.

Cikin wannan hali, wajen 1807, aka ɗaura mata aure da Gidado ɗan Laima, malami, aminin Bello, wanda daga baya ya zama wazirinsa. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Yunfa ya mutu a wurin. A 1809 Bello ya fara gina Sakkwato. A wannan shekara ce kuma Modibbo Adama ya karɓi tuta daga hannun Shehu ya dawo Fombina, abin da ya haifi masarautar Adamawa, wadda Garwa da kewayenta suka kasance cikinta. Ashe labarin gidan su Asma'u ba na nesa ba ne a gare mu, da shi tarihin lamidanmu ya haɗu.

Mutum zai ce to shi ke nan, an ci nasara, sai hutu. Ina! Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817 (1232). A cikin shekarar nan kuma Hassan, abokin tagwaicinta, ya bi shi. Tana da shekara ashirin da huɗu, ba uwa, ba uba, ba wanda suka zo duniya tare. Ga ƙasa ta rikice, garuruwa da dama sun juya baya da jin Shehu ba ya raye, har Abdussalami, mutumin da saboda jama'arsa aka fara rikicin, ya yi tawaye a Kware. Bello ya hau mulki yana fita yaƙi kusan kowane rani.

A nan ne muka fara ganin abin da ta yi da wahalarta. Ita da Gidado suka duƙufa kan tattara rubuce-rubucen Shehu da tsara su, takardun da suka sha tafiya a bayan raƙumi daga Degel har Sakkwato. Aiki ne na wanda ya san harsunan uku, ya kuma san hannun marubutan. Sannan ta fara nata rubutun. Littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, da Larabci ta yi shi a 1820.

A 1822 aka yi wani abu da muke so ɗaliban ajinmu su riƙe. Gobirawa da Abzinawa sun sake haɗa kai suna barazana ga Sakkwato, hankalin mutane ya tashi. Bello ya tsara wasu baitoci ya ba Gidado ya kai mata. Ya gina su ne a kan aya ta biyar ta Suratush Sharhi, ayar nan da ke haɗa tsanani da sauƙi wuri ɗaya: kowane baiti ya fara da harafi ɗaya na ayar, a jere. Ita ma ta mayar masa da amsa a wannan tsari da Fulatanci, baiti goma sha huɗu. Mun buɗe Mus'hafi mun ƙirga haruffan ayar, goma sha huɗu ne cif. Ku duba fa, maƙiya na bakin ƙofa, wa da ƙanwa suna ƙarfafa wa juna zuciya da aya, kuma ba su yi sakaci da ƙa'idar waƙa ba. Wadda ta ga Tsuntsuwa da Alwasa tana yarinya, ta san tsananin da ayar take magana a kai, ba labari aka ba ta ba.

Amma kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Wahala ba ta da wata albarka ta kanta da take raba wa kowa. Mutum 2,000 na Tsuntsuwa ba su fito daga cikinta ba. Yara da yawa sun mutu da yunwa da cuta a hanya ba wanda ya rubuta sunansu. Kuma yaƙin nan bai ci ɓangare ɗaya kaɗai ba. Matan Gobir da Kabi da Zamfara su ma sun rasa maza da gidaje, da yawa aka kawo su Sakkwato a matsayin kamammu, suna cikin baƙin ciki, ba su san Larabci ba, ba su san Fulatanci ba, abin da suka sani na neman sauƙi shi ne bori. Asma'u tana da abin da waɗannan ba su da shi: karatun da aka ba ta tun kafin masifa ta zo, da gidan da bai daina koyarwa ba ko a sansani. Abin da ya sa muke ganin girmanta shi ne inda ta juya wannan gata. Ta juya shi wajen waɗannan mata ne.

A ganinmu darasin Tsuntsuwa ne ta yi aiki da shi. Ilmin da ke ƙirjin mutum 200 mashi zai iya gamawa da shi kafin la'asar. Wanda ke cikin gafaka wuta ko ruwa ko gara za su iya ci. To ina za a ajiye shi ya tsira? Sai a bakin mutane masu yawa, cikin harshen da suke ji, a sigar da za su iya riƙewa ba tare da takarda ba. Saboda haka ta koma waƙa, kuma ta koma Hausa. Wajen 1831 ta mai da waƙar Shehu ta Fulatanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa, mai jan kunnen masu mulki da talakawa kan hakkin juna. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 a waƙa gajera, da Fulatanci sannan da Hausa, yadda macen da ba ta taɓa riƙe allo ba za ta san su a jere. Da Bello ya rubuta littafi kan salihan mata ya nemi ta mai da shi waƙa, ta kawo matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa da irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta ƙara da matan jama'arsu waɗanda ta sani ido da ido. Ta yi Godaben Gaskiya. Ta yi waƙar roƙon ruwa lokacin fari. Tarihin hijirar da ta sha tana yarinya ma ta tsara shi da Fulatanci, zango bayan zango, daga baya ƙanenta Isa ya mai da shi Hausa, shi ne Waƙar Gewaye. Abin da ya iso gare mu na ayyukanta ya kai wajen sittin.

Waƙa kuwa ba ta da ƙafa, sai an kai ta. Nan ne ta kafa abin da ake kira 'Yan Taru. A ƙauyuka takan zaɓi mace dattijuwa mai hankali da riƙon amana ta naɗa ta jaji. Jaji a wurin fatake shi ne mai jan ayari a gaba. Alamar naɗin ita ce malfa da jan ƙyalle a naɗe a kanta. Wannan ma hikima ce, domin malfa ita ce alamar Inna ta Gobir, shugabar matan bori. Matan karkara sun riga sun san mai malfa shugaba ce. Ba ta ce a ƙone malfa ba, ta ɗora ta a kan malama.

Jaji takan taso da ayarinta a ƙafa zuwa gidan Asma'u. Waɗanda ke tafiyar 'yan mata ne ƙanana da ba su yi aure ba da tsofaffin da suka gama haihuwa, domin matan aure masu goyo ba sa iya barin gida. Su zauna su karɓi waƙoƙin da bayaninsu: tsarki, salla, azumi, tarihin Annabi (SAW), hakkin maƙwabci, kula da mara lafiya. Su koma gida su bi ɗaki ɗaki suna koya wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Abin da suka riƙo na sadaka, hatsi ko zuma ko man shanu ko zane, ita kuma ta raba wa mabuƙata. Ba gini, ba kuɗin wata, ba rajista, amma karatu na shiga gidajen da malami namiji ba zai taɓa taka ƙofarsu ba.

Wannan wuri ya taɓa mu, don muna ganin irinsa da idonmu. 'Yan mata nawa muka fara aji ɗaya da su a nan, yau ba sa cikinmu, an yi musu aure littafi ya koma ƙasan akwati? Gidaje nawa suka sauko daga Arewa Mai Nisa saboda tashin hankali ko neman gona, suka zauna a gefen gari, in an yi maganar sa yara makaranta sai a ce a bari a zauna da gindi tukuna? Ba mu raina uzurin kowa ba, wanda bai da masara a rumbu shi ya san abin da ke damunsa. Sai dai gidan Shehu ba su jira zama da gindi ba. Da sun jira, daga 1804 har 1809 ba wanda zai buɗe littafi, kuma a shekarun nan ne Asma'u ta tashi daga yarinya ta zama malama.

Rashi bai daina bin ta ba har tsufa. An ci nasarar Gawakuke a 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi suka mutu, amma shekara ɗaya bayan haka, a 1837, Bello ya rasu a Wurno. Shi ne wanta, malaminta, abokin shawararta. Ta rubuta marsiyyarsa, ta kuma yi wata waƙa kan halayensa, wadda masu karatu ke ganin hannunka mai sanda ce ga waɗanda suka gaje shi. Gidado ya riga ta. Aminiyarta A'ishatu matar Bello ita ma ta riga ta. Kowanne ta yi masa marsiyya. Abin da ya fi burge mu shi ne ba manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke taimakon mata wajen haihuwa da wankan gawa. Ta yi wa wata jajinta Hauwa'u, mai kawo mata ɗalibai shekara da shekaru. Ba don alƙalaminta ba, da yau ba wanda ya san an yi waɗannan bayin Allah. A waƙoƙin nan abin da take yabo shi ne haƙuri da kyauta da sulhunta mutane da son karatu, ba dukiya ko asali ba.

Sunanta ya kai nesa tun tana da rai, har ta yi musayar baitoci da wani malami ɗan Shinƙiɗi, ƙasar Muritaniya ta yau, da ya biyo ta Sakkwato. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji ubansa a wazirci, sarautar ta zauna a zuriyarta. Daga cikinsu ne Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, kuma a ɗakin littattafansa aka adana yawancin rubuce-rubucenta. Da su wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, ta yi aiki shekaru masu yawa har ta fitar da tarihin Nana Asma'u da Turanci a 1989.

Ta rasu a 1864 (1280), ta haura shekara saba'in, aka binne ta a Hubbare a Sakkwato kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta karɓi jagorancin 'Yan Taru ta ci gaba da naɗa jajoji. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, daular da aka sha wahalar kafawa ta faɗi hannunsu, amma ayarin mata bai daina zuwa ba. Masu bincike da suka shiga ƙauyukan Sakkwato fiye da shekara ɗari bayan rasuwarta sun tarar da tsofaffin mata da ba su iya karatun boko ba suna rera waƙoƙinta da ka, suna kuma iya faɗin jajin da ta koya musu, da wadda ta koya wa jajin. Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya haskaka kabarinta, amin.